Malam Tukuna da Albasar Lambara

Ranar da muka kai Baffa makwancinsa na gano cewa duk Bodinga babu mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan aikin da ya yi a duniya. Muna zaune a ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, kowa ya zo sai ya yi addu'a, a shafa, sannan ya gyara zama ya fara ba da nasa labarin. Wani dattijo mai goro ya ce ai likita ne, tunda Dakta ake ce masa. Na kusa da shi ya ce wane irin likita, mutumin da in ya ga allura yake kau da kai, shi dai abin da ya sani wutar lantarkin Turawa yake gyarawa. Wani kuma ya rage murya ya ce ya ji ƙishin-ƙishin bam suke haɗawa a ƙarƙashin ƙasa. Liman ya yi gyaran murya, maganar bam ta tsaya a nan.

Ranar sadakar uku sai ga motoci daga Sakkwato, malaman jami'a ne suka zo gaisuwa. Babbansu ya zauna ya yi addu'a. Sannan ya ce hanyar lissafin da Baffa ya tsara tare da abokan aikinsa har yau da ita ake aiki a ƙasashen da shi Baffa bai taɓa takawa ba. Mai goro ya gyaɗa kai ya ce, "Ai na hwaɗa muku, likita na."

Ana cikin haka ɗiyar Baffa, wadda ta taso daga Turai ba ta samu jana'iza ba, ta aiko min da wayarta daga cikin gida, wai abokin aikin babanta yana son ya yi mana gaisuwa. Wani tsohon Bature ne, gashi fari fat, hanci ya yi ja don kuka. Ya yi ta Turancinsa, ɗaya daga cikin malaman yana fassara mana. Can ya share ido ya ce akwai kalmar Hausa guda da duk wanda ya taɓa aiki da Baffa ya iya ta. Ya ɗaga yatsa kamar yadda Baffa yake yi, ya ce, "Tukuna." Wallahi wajen makoki ne, amma sai da wurin ya ɗauki dariya. Har Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana rawa. Ashe can ma Malam Tukuna ne, ba mu kaɗai ya addaba ba.

Ina dariyar, idona yana kan mutum biyu. Baba, mahaifina, ƙanen marigayin, yana wannan bakin tabarma. Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya zo daga Shagari, yana can ɗaya bakin, ya ɗan ba shi kafaɗa. Da aka fito da abinci Kawu ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Na shiga gida mayar da kwanuka, Inna ta tare ni a bakin madafa ta ce, "Ya ci?" Na ce bai ci ba. Ta karɓi kwanon ta shige madafa da shi.

Wannan kwanon shi ne aikin ƙarshe da Baffa ya ɗauka, kuma ya tafi bai ga ƙarshensa ba. Amma bari in fara gaya muku wane ne shi, don kar nan da shekara kaɗan a wayi gari maganar mai goro ce ta zama tarihi.

Ni tela ne a kasuwar Bodinga, ga abin da na fahimta bayan na shekara da shekaru ina tambaya. Baffa ya yi karatun fiziks, karatu ya ja shi har Turai, can ya yi rayuwar aikinsa. Suna da wani inji a ƙarƙashin ƙasa, zagayayye, wanda ya ce ko a keke mai ƙafa uku ka ce za ka zaga shi sai ka gaji da zama. A ciki ake sakin wasu ƙwayoyi da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, a sa su gudu, a gwara kansu, sannan a ƙirga abin da ya tarwatse. Yawanci abin da aka sani ne yake fitowa. Amma wani lokaci sai lissafin ya ɗan kumbura a wani wuri, zuciyar kowa ta fara dukan uku-uku, ko wani sabon abu ne da ɗan Adam bai taɓa gani ba. A nan ake kiran Baffa. Aikinsa shi ne ƙididdiga, ya zauna ya gano ko kumburin nan gaskiya ne, ko kuwa sa'a ce kawai ta gifta. Mutane dubbai suna son a ce an gani, shi kuma an ɗauke shi aiki don ya ɗaga yatsa.

Abin ya bi jikinsa. In ka kai masa tuwo ka ce ya yi daɗi, sai ya ce loma ɗaya ya yi, a bar shi tukuna. In hadari ya haɗu ka ce yau akwai ruwa, sai ya tambaye ka sau nawa ka ga irin wannan hadarin, kuma sau nawa ya zuba. In ka ce maganin wane yana aiki don maƙwabcinka ya sha ya warke, to ka ja wa kanka, sai ya tambaye ka waɗanda suka sha ba su warke ba ina suke, waɗanda suka warke ba su sha ba kuma wa ya ƙirga su. Ga shi Sakkwatancinsa bai gauraya ba ko kaɗan, yadda ya tafi da shi yana saurayi haka ya dawo da shi, har kalmomin da kakanninmu kaɗai ke faɗa. Sai ka ga tsoho da tabarau da takalmin Turai yana cewa, "Ba mu gani ba tukuna, ɗiyana."

In ya zo shagona ɗinki kuwa, ranar na san aiki ya tsaya. Zan auna kafaɗarsa ya ce in sake. In na sake aka samu ɗan bambanci, sai ya hau murna kamar an yi masa bushara. "Ka gani ko? Ni ban canza ba, kai ba ka yi ƙarya ba, amma awo biyu sun saɓa. Sake na ukku!" Bayan duk wannan wahala sai ya ce babbar riga yake so, irin wadda mutum biyu za su shiga su yi hira.

Keken ɗinkin da nake takawa ma sanadinsa ne. Shekarar da na faɗi jarrabawar gama sakandare, Baba ya ce kaina babu komai sai ƙaiƙayi, kuma ya faɗa a gaban mutane. Baffa yana gida hutu a lokacin. Ya ce, "Sau nawa anka gwada yaron ga? Kuma ga abu nawa?" Baba ya ce sau ɗaya ai ya isa. Baffa ya ce da haka ake yi, da shi ma yana nan yana kiwon jakai, don ranar farko da aka ba shi lissafi kuka ya yi. Ya zauna da ni kwana da kwanaki yana kallon abin da hannuna ke so. Ya koma bai daɗe ba sai ga keke ya iso a bayan mota. Har yau in na ɗora ƙafa a kansa sai na tuna shi, kuma ina son sa har cikin raina, duk da ya sha cinye min ranar aiki.

Rigimarsa da Baba da ta fi shahara ita ce ta rago. Wata shekara ya bugo waya, bakinsa ya suɓuce, abin da bai saba ba, ya ce da alama sun hango wani abu. Da alama kawai ya ce. Kafin la'asar Baba ya gama gaya wa majalisa cewa Yaya ya gano abin da ya gagari Turawa. Ya sayo rago ya ɗaure a tsakar gida, na walima. Rago ya yi ta ci yana ƙiba, ya cinye wa Inna wake, ya cinye mata gefen zane a kan igiya, labari shiru. Da Baffa ya zo hutu, Baba bai bari ya cire takalmi ba ya ce ina abin.

"Ya narke," in ji Baffa. "Da munka ƙara awo, sai yat tahi."

"Wa ya ce a ƙara awon?"

"Ni."

Baba ya riƙe baki. "Yaya, kai da kanka kak kashe shi? Abin da za a kira sunan gidanmu a rediyo?"

"Ban kashe shi ba. Dama ba shi da rai."

Ya zaunar da Baba ya ce masa, in ka shiga kasuwar Bodinga ranar da ta cika kana neman mai kama da kakanmu, wallahi sai ka same shi, ga hancin, ga tafiyar. Wannan ba ya nufin tsoho ya dawo, ka dai duba fuskoki da yawa ne. Su ma sun duba wurare da yawa, dole wani wuri ya yi kama da abin da suke nema. Baba ya ce shi bai ga abin da ya haɗa kakansu da ragonsa ba. Sati guda ba ya amsa masa sai da ka. Ragon dai da layya ya tafi, kuma Baffa ya ci naman har da neman ƙari, yana cewa wannan ne kaɗai abin da binciken ya haifar da za a iya taɓawa.

Kar ku ɗauka komai yake ja wa rai. In an kira salla babu tukuna. In an ce wane ba lafiya, kafin ka rufe baki ya sa takalmi. Da ya yi ritaya ya dawo gida gaba ɗaya, abin da ya tarar a gidanmu ma bai ce a jira ba.

Baba da Kawu abokai ne tun suna samari, abotar ce ma ta kai Baba ga auren Inna. Dukansu manoman albasa ne, kowa yana ji da irinsa kamar ɗan fari. Duk ranar kasuwar Bodinga Kawu a gidanmu yake cin abincin rana, kwano ɗaya da Baba, tuwon gero da miyar sure, wato yakuwa, suna ci suna zagin albasar juna. Sai wata shekara Baba ya karɓi iri a wurin Kawu, albasar ta yi kyau a gona, amma ta ruɓe a rumbu. Baba ya tsaya a tsakiyar 'yan albasa ya ce irin Shagari ruwa ne zalla, kyan ɗan maciji. Ba a kwana ba magana ta isa Shagari. Kawu ya aiko cewa mutanen Bodinga ba su san ban ruwa ba, wanka suke yi wa albasa. Aka yi ta aike, kowane aike yana ƙara gishiri a hanya. Daga ƙarshe Kawu ya daina shiga gidanmu. Ana gaisawa a masallaci da wajen suna, gaisuwar fatar baki. Amma Inna ba ta daina tuƙa tuwon gero ranar kasuwa ba. Sai ta zuba nasa a kwano dabam ta rufe, in la'asar ta yi ta aika wa maƙwabta. Shekaru ana haka.

Baffa bai ce a zo a yi sulhu ba, ya san halin mutanensa. Liman ya gwada, an sha hannu a gabansa, kowa ya koma da abinsa a ciki. Shi Baffa sai ya je wa Baba ya ce, "Kai kac ce irin Shagari ba shi da kyau. Sau nawa ka gwada?" Ya hau mota ya je Shagari ya ce wa Kawu, "An ce irinka ya hi na Bodinga. Ba mu gani ba tukuna." Ka ga ya taɓo kowa a inda yake masa ƙaiƙayi. Kowannensu ya ce a gwada mana, ai gona ba ta ƙarya.

Akwai wata 'yar fadama ta gado a wajen Lambara, rabon Baffa, wadda ya bar wa mutane suna nomawa. Nan ya ce za a yi. Ya karɓi iri a hannun kowa, ya rena su dabam dabam. Lokacin dashe ya ɗauki ma'aikata mutanen Lambara, waɗanda babu ruwansu da rigimar, ya sa aka yanka fangula masu yawa, wato 'yan komayen da ake dasa albasa a ciki a ba su ruwa. Sannan ya kawo tsarin da ya ce da shi suke aiki a can ƙarƙashin ƙasa: ana rufe sakamako ne, har ga mai binciken kansa, sai an gama shirya yadda za a yi hukunci. A kusurwar gabas ta kowane fangali za a binne alamar da ke nuna irin wa aka dasa a ciki, marfin kwalba ko tsingaro, guntun fasasshiyar tukunya. Wace alama ta faɗa wa wane fangali, hula ce za ta faɗa, ya zuba su a ciki ya zaro ba ya dubawa. Ranar tono kowa zai kafa tutarsa a fangulan da ya rantse irinsa ne, sai an gama kafawa za a tona.

Kawu ya ce ya yarda, amma kar a kuskura a ce Shagari ce fasasshiyar tukunya. Baffa ya ce to a jefa ƙuri'a. Aka jefa, tsingaro ya faɗa wa Shagari. Kawu ya ce hular ma 'yar Bodinga ce.

Ranar dashe Baffa ya hana su duka biyun zuwa, ni ma ya hana ni, wai fuskata ba ta iya ɓoye magana. Aike biyu kawai ya yi min kafin ranar. Ya ce in kawo masa manyan maɓallai daga shago, irin na kwat. Ya kuma ce in shiga kasuwa in sayo masa irin albasa wurin duk wanda na fara gani, kar in tambayi garinsu. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi, na kai masa ban tambaya ba.

Albasa ta kama, ta yi kore shar. Baba yana zuwa dubawa da safe, Kawu da yamma, don kar su haɗu. Wata rana na raka Baffa gonar, sai muka hango Baba a tsugune a kusurwar wani fangali, yatsa a cikin ƙasa. Da ya gan mu ya ce ciyawa yake cirewa. Baffa ya ce ikon Allah, ciyawar Lambara duk a kusurwar gabas take fitowa. Sannan ya dafa shi ya ce, "Ba don ina zaton kai maƙaryaci na ba. Ni ma can ba a bari in leƙa. Ido shina ganin abin da zuciya ka so, kuma ba shi sanin ya yi. In ka leƙa yau, gobe kowace albasa ta wurin ga za ta yi maka girma." Baba ya share yatsa a riga ya ce shi dama bai taɓo komai ba.

Albasa ta fara ɗaura kai Baffa ya kwanta. Ciwon bai ja ba. Na je gaishe shi a asibiti na ce jiki da sauƙi, ya yi murmushi ya ɗan ɗaga yatsa, bai iya ƙarasawa ba, amma na ji kalmar. Na fito na tsaya a bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Bayan an share makoki Baba ya ce abin ya bi mai shi. A tone albasar kawai a raba sadaka ladan ya kai wa Yaya, a manta da marfi da tsingaro. Aka kai wa Kawu maganar, ya ce a yi yadda aka ga dama. Na ga shi ke nan, ɗan zaren da ya rage tsakaninsu zai tsinke, don in ba gonar nan ba babu abin da zai ƙara haɗa su. Inna ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ta fito har zaure. Ta ce wa Baba, "Malam, sadaka za a yi, amma amanar mamaci ta. Yadda yac ce a tona, hakanan za a tona." Washegari ta yafa mayafi ta hau motar Shagari ta faɗa wa yayanta haka nan. Ban san me ta ƙara masa ba, ta dai dawo ta ce zai zo.

Da ganyen albasa ya kwanta aka sa rana. Na yanko ƙyallaye a shago, ja na Baba, shuɗi na Kawu, na ɗaura a kara. Da hantsi gona ta cika, ma'aikatan Lambara, maƙwabtan gona, har mai goro ya biyo mu, wai ya zo ganin aikin likita. Tsofaffin nan biyu suka shiga fangula kowa da damin tutocinsa, suna duƙawa, suna latsa kan albasa, suna shinshina ganye. Baba ya ce shi ko a duhu ya san irinsa. Kawu ya ce shi ko a miya. Akwai wani fangali da ya fi kowane kyau, kawuna jajaye manya har sun tsaga ƙasa. Baba ya kafa ja. Kawu ya zo ya kafa shuɗi a jikinta. Suka tsaya suna hararar juna, aka ce a bar wannan sai ƙarshe.

Ni aka ba tono. Fangalin farko na Baba, na sa hannu na zaro marfin kwalba. Baba ya yi kabbara ya juya yana kallon jama'a. Na biyu nasa, tsingaro. Kawu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe mutumin Bodinga ya san abu mai kyau in ya gani. Aka zo na Kawu, marfin kwalba. Dariyar ta koma ɗaya gefen. Haka aka yi ta yi, wannan ya ci, wancan ya ci, wannan ya rantse a kan irin wancan, har masu ƙirgawa suka rikice suka bari. Tun suna murna da faɗuwar juna har kowa ya yi tsit, don an kai inda in ka yi wa wani dariya yanzu, kai za a yi wa an jima.

Saura babban fangali. Na tsuguna, kowa ya matso. Na tona, yatsana ya taɓa wani abu mai santsi, na zaro na share. Baƙin maɓalli ne, na kwat, daga shagona.

Sai da na ɗan jima ina kallonsa kafin abin ya faɗo min. Na ce, "Baba, Kawu, wannan ba na kowa ba ne a cikinku. Irin kasuwa ne. Ni na sayo shi, ko sunan mai shi ban sani ba." Na tuna Baffa ya sha faɗa cewa kowane awo yana bukatar ɗan ba-ruwana a tsakiya, wanda za a gwada sauran da shi.

Tsofaffi biyu da suka yi shekaru ba sa ga maciji a kan iri, ga su tsaye kowa da tutarsa a kan albasar wani bawan Allah da ba su sani ba. Mai goro ne ya fara tuntsirewa, sai kowa ya ɗauka.

Baba ya ja gemu ya ce, "Fangali guda ai ba awo ba na."

Kawu ya duba inda ruwa ke shigowa ya ce, "Bakin ruwa shike. Ko tsakuwa ka dasa nan sai ta yi kai."

"Gaskiyarka, Alhaji. A tono sauran."

Na lura da wannan gaskiyarka, don rabon da in ji ta tsakaninsu har na manta. Muka tona fangulan da babu wanda ya kafa wa tuta, waɗanda albasarsu ta ƙanƙance. Aka samu marfi, aka samu tsingaro, aka samu maɓallai. Duk maɓallin da ya fito daga fangali mara kyau sai su biyun su yi kabbara tare. Baba ya ce kuma ai ba a gwada rumbu ba, wanda shi ne asalin maganar. Kawu ya ce to a ware kaɗan daga kowane kashi a ajiye a rumbu guda, sauran a yi sadakar, sannan baɗi a sake, a nesanta kowa da bakin ruwa. Baba ya ce shekara biyu ma ba za ta isa ba. Kawu ya ɗaga yatsa, bai ma san ya ɗaga ba, ya ce, "Ba mu gani ba tukuna."

A nan na gane Baffa ya san haka tun ranar da ya karɓi irin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana lissafin awo nawa ake bukata kafin a ce an gani, ba zai rasa sanin cewa noman rani ɗaya ba ya raba wannan gardama ba. Ya ba su aikin da ba ya ƙarewa, kuma ba ya yiwuwa sai da su biyu. Ni suka naɗa mai binne alama, bayan Baba ya ce ni ɗan Inna ne zan bi Shagari, Kawu ya ce ni ɗan Baba ne zan bi Bodinga. Hular Baffa tana wurina yanzu.

Ya Allah, bawanka ya yi zamansa a duniya yana tsoron ya ce ya gani alhali bai gani ba. Yanzu ya zo inda babu shakka. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka nuna masa abin da ya yi ta nema a ƙarƙashin ƙasa da wanda bai ma san a nema ba.

Da rana ta take, Baba ya kakkaɓe riga, yana kallon wani wuri dabam ya ce, "Maganar rumbun ga ba ta ƙare ba. Mu tai gida mu ƙarasa ta." Kawu ya bi bayansa ya shiga mota. Ba ranar kasuwa ba ce, amma da muka isa na ji ƙamshin miyar sure tun daga zaure. Na shiga na ɗauko, kwano ɗaya Inna ta miƙo min, babba. Na ajiye a tsakaninsu. Kawu ya daɗe yana wanke hannu, sannan ya yi bisimilla ya yanko loma.

Inna tana tsaye a bayan ƙofar zaure, inda take zaton ba a ganin gefen zanenta. Ta kasa haƙuri ta ce, "Yaya, ya yi?"

Kawu ya haɗiye, ya share ido da bayan hannu kamar yaji ne, ya ce, "Loma guda niy yi. Ƙaro miya tukuna."